Wanda Ya Janye Ƙayar Tabki

Da la'asar ranar Talata aka ga Hama Bafillace ya shigo Dutsin Aduwa a guje, jiƙe sharkaf har wuya, da yarinya rungume a ƙirjinsa. Bai tsaya ba sai ƙofar maigari. Kafin ya sauke ta mata sun gane zanen da ke jikinta. Ni'ima ce, ɗiyar Mahmud, wadda ko famfarar haƙori ba ta fara ba. Aka juya ta, aka danna mata ciki, aka yi ta kiran sunanta, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Kafin magariba an kai ta makwancinta. Daga maƙabarta maza ba su koma gida ba, suka zarce tabki, don kowa ya san inda ruwa ke cin yaro a garin nan.

Tabkin yana bayan jerin duwatsun da aka gina tun zamanin furoje, wato shirin raya karkara, don tare ruwan sama. A gefensa na yamma akwai rami inda masu tubali suka shekara da shekaru suna haƙar yumɓu, in damina ta cika shi dogon mutum ma ba ya taɓa ƙasa. Shi ya sa gari ya kafa doka, meri, wato hukumar gundumar Garhanga, ta sa hannu. Ramin a kewaye shi da shingen ƙaya. Yara su yi wasansu a filin da ke kan tudu, inda aka kafa musu lilo. Dabbobi su zaga ta gabas su sha. Leda kuwa, da ta kusa ƙarar da awakin gari, sai aka raba wa mata filin yanki-yanki, kowace ta riƙa tsince ta yankinta. Washegarin kasuwa ƴan komite su zaga, wadda duk aka iske leda a yankinta, mai shela ya faɗi sunanta da ganga a kasuwa ta gaba. Mutanen Dutsin Aduwa suna iya jure yunwa, amma ba su iya jure a buga ganga da sunansu.

Dokar ta zauna daram sai ranar nan. Maza suka iske shingen a buɗe ta wajen filin wasa, bayan wani kurmin kalgo, ƙofa sosai wadda jaki zai wuce da kayansa. A cikin ƙofar kuma ga sawun shanu rututu.

Ba a sha wahalar neman mai laifi ba. Wa ya daɗe yana ƙorafin cewa zagayen gabas na gajiyar da shanunsa? Hama. Sawun shanun wane ne? Na Hama. Da wani ya ce ai kuma shi ya kawo ta, sai aka ce nauyin abin da ya aikata ne ya hana shi gudu. Mahmud ya shararo masa mari tun a bakin tabkin, sai da aka rirriƙe shi. Maigari Kalla ya sa aka kulle Hama a ɗakin ajiyar zaurensa da igiya a ƙafa, rabi don kada ya gudu, rabi don kada a kashe shi. Aka hana mutanen rugarsa tabkin baki ɗaya. Aka buga wa jandarma waya a Keita, suka ce korama ta yanke hanya, da zarar ta janye za su zo su ɗauke shi.

* * *

Washegari da sassafe aka kira Attahiru mai bin sawu.

Attahiru bai cika riƙe fuskar mutane ba, ƙafafunsu ya sani. In kuka haɗu a hanya, rabin gaisuwar da ƙasa yake yinta. Ya taɓa bin raƙumin sata tun daga nan har kwarin Tama, ya iske ɓarawon yana barci a gindin aduwa, ya zauna ya jira shi ya farka. Amma wannan karon abin na gida ne. Mahmud ɗan yayarsa Furera ne, ita kuwa Furera ita ta goya Attahiru bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Mahmud ya tare shi a bakin shinge, idanu jajir. "Kawu, kai kaɗai nika jira. Ka nuna musu ƙarara, don kada Hilani su ce mun yi mai ƙazahi."

"Ku tsaya nesa," in ji Attahiru. "Kun riga kun tattake rabin maganar tun jiya."

Ya durƙusa. Aikin nasa ba sihiri ba ne: abin da ya zo daga baya shi ke hawa kan wanda ya riga shi. A sama akwai kofaton shanu. Ƙarƙashinsu takalmin Hama na roba, taku da faɗi irin na mai gudu, ya shiga ba nauyi, ya fito da nauyi. Ƙarƙashin wannan kuma ƴan ƙafafu babu takalmi, suna tafiya a hankali abinsu, har da ɗan tsayawa a ɗauki wani abu a ƙasa. Attahiru ya kau da kai.

Wato yarinya ta riga Hama shiga, Hama kuma ya riga shanunsa. Ba don su aka buɗe ƙofar ba, mai su suka bi.

Amma ƙarƙashin duka akwai wani abu. An share wurin.

Maigari ya leƙo ta kafaɗarsa. "Ka gani ko? Ya janye ƙaya, yas share sawunai. Mai gaskiya ba shi shara."

Attahiru ya sha ganin inda ɓarawo ya share sawu. Reshe yake ja a bayansa, da sauri, a birkice. Wannan kuwa tsintsiya ce aka bi da ita a natse, kowane shafi ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, mai sharar na ja da baya. Tsakar gida ɗaya ya sani da ake share ta haka, kuma a cikinta ya yi rarrafe.

Da a lokacin ya buɗe baki ya ce ba Hama ba ne, da kafin hantsi an kwance mutum ya koma ga iyalinsa. Amma ya san tambayar da ke biye: to, wane ne?

"Sawu ya cakuɗe," ya ce. "Ku ba ni lokaci."

Ƙarya ce, kuma bai taɓa yin irinta a kan aikinsa ba. Ya ce wa kansa ai ba mace ɗaya ke da tsintsiya a garin nan ba. Haka ɗan Adam yake, in gaskiya ta yi sallama a ƙofar gidansu sai ya nuna mata gidan maƙwabta.

* * *

Ya iske Hama zaune kan buhun dusa, kuncinsa a kumbure, ga ƙwaryar fura a gefe ba a taɓa ba.

"Yaya kat tarad da shingen?"

"Buɗe."

"Mi yak kawo ka yamma, ga doka ta ce gabas?"

"Ina wucewa bisa tudu nig ga zane bisa ruwa. Sai nis sheƙa. Shanu sunka biyo ni, ba ni da lokacin kora su."

"Da sahe ka bi ta nan?"

"Kullum ta nan nika bi."

"Ka ga wani wurin shingen?"

Hama ya daɗe yana duban igiyar da ke ƙafarsa. "Shanu nika kallo, Baba."

Attahiru ya san shirun mai ɓoye laifi, ya kuma san shirun mai ɓoye magana, wannan na biyun ne. Ko kaɗan bai matsa masa ba, don ba ya son jin abin da ke ciki. Ya miƙe zai fita sai Hama ya kira shi.

"An ce an hana su ruwa. Tsohona na ka kai su rijiya, tahiyar wuni guda, ga masu ciki a cikinsu." Ya ɗaga kai. "Kai kas san ƙasa, Baba. Ta ce ni na?"

"Ba ta gama magana ba," in ji Attahiru, ya fice da sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

* * *

Ya fara da Munir mai tubali, don kowa ya ji shi a majalisa yana cewa shingen nan ya cire masa tuwo daga baki. Ya iske shi yana gyaran amalanke, hannuwansa duk karcen ƙaya. Allah ya yafe wa Attahiru, ganin karcen nan sai da zuciyarsa ta yi fari.

"Munir, wanga karce hwa?"

"Shingen garkata na, Baba Attahiru. Awakin maigari sunka ɓarke shi. Je ka gani, in kuma ka gan shi ka gaya mai."

"An ji ka kana zagin shingen tabki."

"Na zage shi, gobe ma ina zaginai. Amma da rani. Wa ka haƙar yumɓu ƙarƙashin ruwa? Ni kwaɗo na?" Ya ajiye guduma, muryarsa ta sauka. "Ran Talata tun asuba ina Garhanga, na kai tsohuwata likita. Can anka gaya min. Ni ma ina da ɗiya kamarta, Baba."

Duk da haka sai da Attahiru ya je garkar, wato lambun Munir. Ga ɓarakar awaki, ga sabuwar ƙaya an toshe, ga sawun Munir ko'ina. Ya juyo yana jan ƙafa, takaici ya cika shi, sai daga baya kunyar takaicin ta rufe shi. Wai yau shi ne yake baƙin ciki don mutum ya fita da gaskiyarsa.

Daga nan ya wuce wurin Zulaihatu mai fanke, wadda ke zama gindin bishiyar bedi kusa da lilo. Itace ya yi wuya a garin, kuma an san hannunta ba ya wuce shingen mutane bai zaro reshe ba. Ya sa sanda ya tona murhunta. Tokar kara ce da ta kashin shanu, babu ƙaya ko ɗaya.

"Tona da kyau, Baba, ƙila ɓarawon na ciki," in ji ta. Sai kuma fuskarta ta sauya, ta zauna kan turmi. "Yarinyar ta zo tat tsaya gabana ranar. Nib ba ta guda, na ƙarshen kasko. Nit tahi gida ɗauko mai. Da na zauna, da na gan ta sa'adda tab bi gangare."

"Ledarki ta cika wurin ga, Zulai."

"Tawa ta, ban musu. Amma iskar ran kasuwa tak kwashe ta, da tawa da ta masu nama, dut tal liƙa ga shinge. Ya yi baƙi ƙirin. Nan ko yankin yayarka na. Na gan ta da marece tana cira ɗai-ɗai, ƙaya na yagar mata hannu, ledar na yagewa rabi ya tsaya. Nic ce, Inna, bari, ba ta hita. Tac ce ita ba a taɓa buga ganga da sunanta ba, ba kuma za a hwara da hurhura bisa kanta ba."

"Da sahen Talata hwa?"

"Ƴan komite sunka zaga da hantsi, da maigari kansa. Sunka tsaya bisa tudu sunka duba, babu baƙi ko ɗaya. Hal yaba mata sunka yi. Ni ma nic ce, yaya anka yi tac cire…"

Ta tsaya. Ta kai hannu baki, ta dubi Attahiru, ta dubi ƙasa.

"Ni ban ce komi ba, Baba."

Ƴan komite ba makafi ba ne. An aike su neman leda, leda kuwa suka nema, kalgo ya tsare musu sauran.

* * *

Rana ta karkata lokacin da ya koma bakin shinge shi kaɗai. Wannan karon bai yi wa kansa wayo ba. Ya bi jan rassan daga inda tsintsiya ta tsaya, ya gangara da su bayan duwatsu. Can ya iske toka, da guntayen magariya da ba su gama ci ba, da baƙar leda ta narke ta daskare a jikinsu. Ba itacen girki aka ɗiba ba. Ledar aka zo ƙonewa, ƙayar ta ƙi sakinta, aka haɗa su duka.

Ko wannan ma yana iya cewa kowa zai iya. Ya dawo ƙofar, ya tsaya inda sharar ta ƙare. Duk mai shara yana tara abin da ya share wuri ɗaya, amma nan babu tari. Sai wani faffaɗan dutse a gefe, wanda ƙasar ƙarƙashinsa ta nuna ba nan ya kwana da damina ba.

Ya daɗe tsaye kafin ya ɗaga shi.

An ɗan tona rami, an zuba duk ƙayar da ta karye ta zube, tsinke-tsinke, an danne da dutsen. Tun yana yaro haka Furera take yi. Ba ta jefa ƙaya a juji, tana cewa iska za ta dawo da ita ƙafar yaro. Binne ta take yi, ta danne. Ya sha dariyar wannan hali nata, har yana tsokanarta cewa ta fi yi wa ƙaya jana'iza a kan kaza.

Ya mayar da dutsen yadda yake, ya zauna a kansa. Ya yi kuka irin na tsofaffi, ba murya, sai kafaɗa.

* * *

Ya jira sai da mata masu ta'aziyya suka tashi alwala sannan ya shiga ɗakinta. Tana zaune bakin gado, hannuwanta biyu cikin mayafi. Tun ranar rasuwar ba wanda ya ga hannun nan, kowa ya ɗauka sanyin jiki ne.

"Atta, ka ci abinci?"

"Yaya, na ɗaga dutse."

Ba ta tambayi wane dutse ba. Ta runtse ido, sannan maganar ta fito a hankali.

"Da asuba nij janye su. Nic ce in komite ta wuce, in sa yaron ga shi saro sabuwa." Ba ta faɗin sunan Mahmud, ɗan fari ne. "Shina gona. Nic ce to da azahar. Da azahar baƙi sunka zo, niɗ ɗora tukunya. Tukunya, Atta. Ina bakin murhu nij ji kururuwa."

"Don mi kis share wurin?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. "Ƙaya ta zube. Yara ba su da takalmi."

Attahiru ya sunkuyar da kai. Da ta bar ƙayar a warwatse, da ƴar ƙafar nan ta taka ɗaya ta koma da kuka. Bai faɗa ba, ya kuma ga a fuskarta cewa tun ranar wannan lissafin take yi, ba dare ba rana.

"Ka bar shi hakanan," ta ce. "Jandarma su tambaye shi, su ga ba shi da laihi, su sake shi."

"Ba su sakinai, Yaya. Ga sawun shanu, ga gari dut ya shaida. Kaso za shi, rugarsu kuma ta tashi."

"Yaron ga nawa, shi kaɗai gare ni. In ya ji, da wane ido za shi dube ni? Da wane baki zan ce mai ina kwana?" Ta fito da hannu ɗaya ta riƙe gefen rigarsa, yatsun duk sun kumbura. "Ni nig goye ka, Atta. Ban taɓa roƙonka komi ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Ya zare rigarsa a hankali ya fito. A ƙofar gida ya ji ana cewa korama ta janye, gobe da hantsi motar jandarma za ta iso. Ya wuce ta gaban zauren maigari, ya san wanda ke ciki da igiya a ƙafa, bai shiga ba. Ya ƙara wa Hama kwana guda.

* * *

Da safe ya ce a tara kowa a bakin shinge. Maigari ya zo da ƴan komite. Aka kawo Hama, wani na riƙe da igiyar. Munir ya tsaya gefe, Zulaihatu ta raɓe bayan mata. Furera tana can ƙarshe, zaune kan tushen kalgo. Mahmud na gaba da kowa.

Attahiru ya bi da su daki-daki. Ya ce Munir na Garhanga ranar. Ya ce murhun Zulaihatu bai ci ƙayar tabki ba. Ya nuna musu yadda kofato ya hau kan takalmi, takalmi ya hau kan ƴar ƙafa, ƴar ƙafa ta hau kan shara.

"Sa'adda Hama yaz zo, ƙohwa ta daɗe buɗe. Ceto yas shiga."

"To shara hwa?" in ji maigari. "Da sahe yab buɗe, yas share, yad dawo da marece."

Attahiru ya ɗaga dutsen. Aka matso ana leƙe.

"Mai ɓoye sawu ba shi tsince ƙaya shi binne. Wanda yay yi wanga tsoron kada ƙaya ta soki yaro shika yi. Tokar na can bayan duwatsu, da leda narke cikinta. Ba mugu na ba. Leda yaz zo cirewa, don ya san ana zuwa dubawa. Garin gyaran gira anka rasa ido."

Ƴan komite suka fara duban ƙafafunsu. Maigari ya gyara rawani.

"Wane na, Kawu?" in ji Mahmud.

"An kira ni in hwaɗi ko Hama na. Ba shi na ba."

"Wane na?"

Guna-guni ya tashi. Daga baya wani ya ce ƙila Hilani sun ba shi saniya, ba a kuma tsawata masa ba. Maigari ya ɗaga hannu.

"Attahiru, jandarma ba su tahiya da dutse. In babu suna, Hama za su ɗauka, ni kuma ba ni hana su."

Attahiru ya dubi Hama, ya dubi kumburin da igiya ta yi masa a idon sawu. Sannan ya juya wajen mata.

"Yaya," ya ce.

Bai ƙara komai ba, don ta riga ta miƙe. Ta ratso mata a hankali, suna ja mata da baya, har ta tsaya gaban ɗanta. Ta fito da hannuwanta biyu daga mayafi ta buɗe su.

"Ni ta. Ni nij janye, ni niƙ ƙone, ni nis share mata hanya. Tsoron ganga nij ji."

Wata mata ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Furera ta zube a wurin da ta share.

Attahiru ya karɓi igiyar ya durƙusa yana kwancewa da kansa. Ƙullin ya ci, sai da ya sa haƙori.

"Ka gan ta, ko ba haka ba?" ya tambaya a hankali.

"Na gan ta tana ja," in ji Hama. "Na kuma ga ƙohwar. Murna niy yi, Baba. Nic ce yau da marece shanuna sun huta da zagaye, shi yas sa ban gaya ma kowa ba. Da wane baki zan nuna tsohuwa?"

Mahmud ya zo ya tsaya a kansu. Ya dubi kuncin Hama, inda shatin yatsunsa bai gama ɓacewa ba. Sai ya juya ga Attahiru.

"Kawu, yaushe kag gane ba shi na ba?"

Attahiru yana iya cewa jiya da yamma. Ba wanda zai ƙaryata shi, ba mai karanta ƙasa a wurin sai shi.

"Tun sahiyar hwarko," ya ce.

"Tun sahiyar hwarko." Mahmud ya maimaita a hankali. "Mutumin da yas shiga ruwa yat tsamo min ɗiyata, yar rungumo ta hal gida. Kab bar ni ina kwana ƙohwar ɗakin da sanda, ina roƙon Allah shi ba ni shi. Kana kallo."

"Uwarka nika ma tsoro."

"Uwata ta yi kuskure. Kai kuwa da saninka."

Ya juya ya tafi inda Furera take. Ya tsaya a kanta ya daɗe, sannan ya sunkuya ya kama hannuwan nan masu kumburi, ya tashe ta.

"Inna, tashi mu tahi gida."

Jandarma sun iso da hantsi, suka saurara, suka duba dutsen, suka koma da motarsu ba kowa a baya. Kafin azahar samari sun toshe ƙofar da sabuwar magariya, da marece kuma shanun ruga suka sauka gabas suka sha. Furera ba ta sake fita shara ba, Mahmud kuwa bai taɓa tayar mata da maganar ba, shi ke kai mata fura da hannunsa.

Bayan sadakar bakwai Attahiru ya haɗu da shi a hanyar masallaci. Mahmud ya rage tafiya, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa kowane dattijo.

"An wuni lahiya, Malam Attahiru?"

Attahiru ya amsa da lafiya. Ya tsaya a wurin yana jiran ya ji an ce "Kawu", amma Mahmud ya riga ya wuce.